Mace a Saman Kwano

Masu karatu, ku gyara zama. Yau ba ni da niyyar kare kowa, har da kaina.

Ga wanda yanzu ya shigo cikinmu, sunana Hephzibah, a gida Zibba ake ce min. Shekarata ashirin da biyar, iyayena mutanen Kagoro ne amma a Unguwar Boro aka haife ni, a nan muke zaune ni da Mama tun rasuwar Baba. Sana'ata haɗa sola. Ina da ɗan shago a Barnawa, tsakanin mai sayar da fenti da wata mai ɗinkin labule. Ina kuma da saurayi, Kevin Tagwai, ma'aikacin gwamnati, mai sanyin murya da son turare. Shekara biyu muna tare, har an sa ranar da danginsa za su zo gaisuwa gidanmu, saura mako biyu.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane abin da ya faru ranar Alhamis.

Ina aji biyu na babbar sakandare aka kawo mana wata malama mai ba ɗalibai shawara kan sana'a, Malama Asabe. Ofishinta tsohon sito ne, warin alli da ɓera. Ita ta ƙirƙiro cewa a dogon hutu kowane ɗan aji biyu zai je ya yi mako shida a wani wurin aiki. Kowa ya yi rububin asibiti da banki da gidan rediyo. Ni kuwa zazzaɓi ya kwantar da ni a makon, ranar da na dawo wuri ɗaya ya rage a takardarta: shagon Malam Zakariyya'u mai wayarin a Makera. Kuka na yi sosai a gabanta. Ta bari sai da na gama, ta miƙo min hankici, ta ce in je in yi mako ɗaya, in ban so ba ita da kanta za ta zo ta ɗauke ni.

Mama ta ce 'yarta ba za ta je ta zauna cikin garada ba. Baba, Allah ya ba shi hutawa, ya tambayi sunan mai shagon, da ya ji sai ya yi dariya. Ashe tare suka yi aiki a masaƙar Kakuri kafin a rufe ta. Shi ya kai ni da kansa a kan tsohon mashin ɗinsa. Ranar farko Malam ya danƙa min testa, abin gwada wuta, ya ce kada in kuskura in taɓa waya sai na gwada ta, ko da shi ne ya ce min babu wuta. A rana ta huɗu na haɗa soket na farko, na kunna, ƙwan fitila ya kama. Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Malama Asabe dai ba ta zo ɗauka ta ba, ni ma ban neme ta ba. Daga nan ne har na yi difloma a fannin lantarki, ina karatu ina bin Malam aiki, har ya sallame ni ya sa min albarka.

To a farkon watan nan sai ga wayar Malama Asabe. Yanzu tana wata makaranta a nan Barnawa. Ta ce za su yi ranar zaɓen sana'a, tana so in zo in yi wa yara magana, sannan in zan iya, in karɓi 'yan mata huɗu a shagona a dogon hutu. Ban bari ta rufe baki ba na ce na yarda. Da ta turo min takardar gayyatar, na ga sunana a ƙasan na likita da lauya da ma'aikacin banki, sai na ɗora ta a sitatus ɗin wayata don murna.

Laraba da yamma ina saman kwanon wani ɗan asibiti a Rido, ina ɗaure fanel ɗin sola na ƙarshe, bututun matatar mai na can nesa a gabana, wayata ta fara kuka a aljihu ba ƙaƙƙautawa. Na zauna a kan ƙarfen na duba. Kevin ne.

"Zibba, wannan fa makarantar su Vicky ce."

Vicky ƙanwarsa ce, autarsu, a hoto kawai na san ta.

"Mami ce mataimakiyar shugaban ƙungiyar iyaye. Gobe tana babban tebur."

Na rubuta masa cewa ai abin farin ciki ne, za ta ga surukarta a bakin aiki. Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake rubutu, ya sake gogewa. Can sai ga shi.

"Don Allah ki sa doguwar rigarki ruwan goro. Kada ki sa kayan aiki."

"Saboda me?"

"Na ce mata a ofis kike. Kamfanin makamashi, sashen ba da shawara. Ki yi magana a kan haka kawai, ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya."

Masu karatu, kwanon nan da ya wuni yana shan rana, ban ji zafinsa ba sai a lokacin. Sau ɗaya na taɓa haɗuwa da mahaifiyarsa, a harabar cocinsu bayan an tashi sujada. Na durƙusa na gaishe ta, ta dafa kaina ta ce, yaya ofis? Ni kuwa na ce lafiya lau, a zatona irin maganar manya ce. Ashe a ranar nan ni ma na sa hannu a ƙaryar ban sani ba. Shekara biyu mutumin nan yana zuwa shagona, yana zama a kan bencina, yana ce min yana alfahari da ni. Ashe alfaharin nasa ba ya iya tsallake ƙofar gidansu.

Ya kira sau uku ban ɗauka ba. Na ƙarasa ɗaure fanel ɗina, na gwada, na sauko.

Ko da na isa gida na san ya riga ni. Mama tana tsakar gida tana juya gwaten acha, amma rigar ruwan goron tana rataye a jikin ƙofar ɗakina, an goge ta tsaf, ga takalmina mai tsini a ƙasa an share masa ƙura. A kan gadona kuma wata 'yar leda, na buɗe na ga farcen kanti, ruwan hoda, da gam ɗinsa. Na kalli hannuna. Kanta a tafi, tabon ƙuna a babban yatsa, farce a datse har nama.

Mama ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi faɗan da ya fi min sauƙi. A hankali ta riƙa magana tana zuba yakuwa a tukunya. Ta ce yaron nan ya kira ta kamar zai yi kuka. Ta ce gidan Tagwai ba ƙaramin gida ba ne, babansu tsohon darakta, duk wanda ya fito daga gidan da digiri ya fito. Ta ce a zumuntar mata babu Talatar da ba a tambayarta yaushe za a sha biki, ita kuma ta gaji da murmushin dole. Ta ce ba wanda ya ce in bar aikina, in na shiga gidan a hankali za su sani.

"Rana ɗaya ce fa, Zibba. Rana ɗaya tak. Ki sa rigar, ki yi musu Turanci, ki dawo."

"Mama, yara ɗari uku za su zauna su saurare ni. In ce musu me? In ce musu in kun koyi aikin hannu ku ɓoye shi kamar cikin shege?"

Ta ajiye muciyar ta kalle ni. Ta ce babana ma haka ya yi ta taurin kai da aikin hannu, ga shi ya tafi ya bar ta tana roƙon 'yarta ta yi aure kamar kowa. Wannan ta shige ni. Na ɗauki rigar na mayar da ita cikin wadrob, na kai mata farcen na ajiye a kan firij, na ce ta ba 'yar maƙociyarmu.

Da safe na yi wanka na zauna gaban madubi. Kada ku ɗauka wai don zan sa kayan aiki sai na fita kamar wadda aka koro. Na gyara kitsona na tufke shi baya, na ja kwalli, na sa jan baki, na sa 'yan kunnena ƙanana na zinari da Baba ya saya min ranar da na gama difloma. Sannan na ɗauko sabon obarol ɗina na aiki, shuɗi, wanda mai labule ta ɗinka min sunana da farin zare a ƙirji, na zura. Na ɗaure takalmina but, na soke testa a aljihun gaba, na fesa turare. Na gaida Mama ba ta amsa ba. Amma da mai Keke Napep ya zo muna loda fanel da batir da fanka da inbata, mai mayar da wutar batir ta gida, sai na ga gorar kunun zaƙi mai sanyi a kan kujera. Ita kuwa ba ta fito ba.

A hanya saƙon Kevin ya shigo: "In kina sona ki yi min wannan." Na ɗauki hoton kaina a cikin keken, fanel a bayana, na tura masa. Na kashe wayar.

Zauren makarantar ya cika, yara cikin fari da kore, iyaye a gefe. Babu wuta tun safe, janareta kuma ya ƙi tashi, don haka lasifika tana nan a kan tebur kamar ado. Malama Asabe ta rungume ni, ta yi furfura amma muryarta na nan. Tana kai ni wurin zama na hango Madam Tagwai, mahaifiyar Kevin, a babban tebur, leshi ruwan zuma, ɗaurin kai kamar zai taɓo silin, tabarau a kan hanci. Na je har gabanta na durƙusa na ce, Mami ina kwana. Ta amsa sama-sama irin amsar da ake yi wa mai gyara. Sai idonta ya sauka a kan sunan da ke ƙirjina, ya hau fuskata, ya sake sauka. Na ga lokacin da ta gane ni. Ta cire tabarau ta shiga goge shi.

Likita ya yi magana yana ɗaga murya, na baya ba sa ji. Lauya ya yi, ma'aikacin banki ya yi. Zafi ya sauko, yara suna fifita da littattafai, wasu sun kifa kai. Ni ce ta ƙarshe, har wasu iyayen sun fara duba agogo.

Ban hau mumbari ba. Na sa aka jingina fanel a bakin taga inda rana take, na jera batir da inbata a ƙasa a gaban kowa. Na ce ba zan yi dogon jawabi ba, ina son mutum ɗaya ya zo ya kunna mana fankar nan da hannunsa, kuma mace nake so. Maza suna dariya ƙasa-ƙasa. Can daga layi na uku wata siririyar yarinya mai gajeren gashi ta miƙe. Tun kafin ta iso na gane ta, hancin Kevin ne sak a fuskarta. Wallahi ban shirya wannan ba.

Na ba ta safar hannu, na nuna mata ja da baƙi, na ce ta gaya min wanne zai je ina. Ta faɗa daidai. Ta durƙusa da siket ɗin makaranta ta kama sufana, ta ɗaure na farko. Da ta kai waya ta biyu kan batir sai ɗan tartsatsi ya yi tsalle, abin da duk mai aikin ya saba da shi. Zauren ya ɗauki ihu, Madam Tagwai ta miƙe tsaye har kujerarta ta faɗi. Vicky ko gezau. Ta kalle ni, na gyaɗa mata kai, ta ɗaure, ta danna makunni. Fanka ta fara juyawa. Na jona lasifikar na miƙa mata, na ce ta faɗi sunanta. Muryarta ta cika zauren har waje, yara suka hau tafi da bugun tebur.

Daga nan na ba su labarina yadda na ba ku, ban rage komai ba. Na ce musu na yi kuka ranar da aka tura ni Makera. Na ce aikin akwai zafin rana, akwai faɗuwa, akwai mai gidan da zai ce a kira masa ogan naki alhali ke ce ogan. Na ce kada wanda ya bar karatu, don in babu lissafi ba za ka san batir nawa gida yake buƙata ba. Na ce likita ma da hannu yake aiki.

Da aka zo tambayoyi, Madam Tagwai ta miƙa hannu aka ba ta lasifikar da 'yarta ta kunna. Murya a kwance, kamar tana karanta sanarwa a coci.

"Ina da tambaya a madadin iyaye. Mun kawo 'ya'yanmu makaranta ne don su wuce inda muka tsaya. Yarinyar da ta saba hawa kwanon mutane, gobe wane gida za ta shiga a ce ga matar ɗanmu?"

Wasu iyayen suka yi gyaran murya. Malama Asabe ta yunƙura za ta amsa, na riƙe hannunta. Na san ba don yaran aka yi tambayar ba. Na juya na fuskance ta.

"Mami, gidan da zai ji kunyar abin da nake ci da shi, ni ma ban ga abin da zan shiga in yi a cikinsa ba. Ba sata nake hawa yi ba. In na sauko, gidan da na hau yana da haske."

Ba a yi tafi ba. Ta ajiye lasifikar a hankali, ta ɗauki jakarta ta fita tun kafin addu'ar rufewa. Da aka tashi, 'yan mata goma sha ɗaya suka yi layi a teburin Malama Asabe suna neman gurbi huɗu. Vicky ce ta farko. Malama ta ba kowa fom, ta ce sai da sa hannun iyaye.

Da na kunna waya a keke, kira tara. Na goma na ɗauka. Kevin ya ce na tozarta mahaifiyarsa a gaban jama'a, ya ce da na bi a hankali da duk wannan bai faru ba, ya ce shi yana ƙoƙarin kare ni ne. Na tambaye shi daga me yake kare ni, daga sana'ata ko daga kunyarsa. Ya fara kame-kame. Na ce in ya samo amsa ya san hanyar shagona. Daga nan har Lahadi ban sake jin ɗuriyarsa ba. Kada in yi muku ƙarya, na yi kuka, a banɗaki, famfo a buɗe don kada Mama ta ji. Ina son mutumin nan. Amma ko sau ɗaya ban ji da ma na sa rigar ba. Mama kuwa labari ya riga ni isa gida, ta daina yi min magana sai ta dole, ranar Lahadi ma ba tare muka tafi coci ba.

Litinin da safe na buɗe shago, ina fitar da fanel ina jinginawa, sai wata farar mota ta tsaya daidai ƙofata. Madam Tagwai ta fito, yau atamfa ce a jikinta, babu kwalliya. Vicky ta fito ta ɗaya ƙofar, idanunta a kumbure. Na durƙusa na gaishe ta, na jawo mata kujera. Ta ƙi zama. Ta bi shagon da kallo, wayoyi a rataye, batura a jere, tsani a jingine. Sannan ta buɗe jaka ta fito da fom ta ajiye a kan teburina. Da sa hannunta a ƙasa, da kwanan wata.

Ta ce yarinyar nan kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Ta ce ashe duk rediyo da tocilan da ke lalacewa a gidan ita ke kwance su a ɓoye, sai jiya ta fito da su daga ƙarƙashin gado. Ta ce ita uwa ce, ba za ta zuba ido 'yarta ta rame a kan takarda ba, kuma ta tambaya an ce mata na san aikina.

"Amma ki ji ni da kyau. Ba zan ba mace ɗaya 'ya'yana biyu ba. In kin karɓi takardar nan, kin zama malamar 'yata, zan girmama ki a haka. Maganar gaisuwa kuma ta tashi. In kuwa Kevin kike so, ki mayar min da ita, ki rufe wurin nan kafin biki. Ki zaɓa."

Na kalli Vicky. Ba ni take kallo ba, tsanin take kallo. Shekararta goma sha shida, daidai shekarun da Baba ya sauke ni a ƙofar Malam.

Na ɗauki fom ɗin, na buɗe durowa na saka, na murza makulli. Na ciro safar hannu sabuwa na miƙa wa Vicky, na ce ta shiga ciki ta ajiye jakarta, hutu na farawa ta fara zuwa, ƙarfe takwas nake buɗewa, ba na son latti. Sannan na juyo.

"Mami, na karɓi ɗalibata, na gode. Shagon nan kuma ba zan rufe shi ba. Maganar Kevin, ba ke kika nemi aurena ba, shi ya nema. In ya fasa, ya zo ya faɗa min da bakinsa."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya wuce ta kafaɗata zuwa titi, fuskarta ta sauya. Na waiwaya.

Kevin ne a tsallaken titi, ya sauko daga keke da kayan ofis a jikinsa, a lokacin da ya kamata a ce yana bakin aiki. Ya ga motar uwarsa, ya gan ta, ya gan ni. Motoci suka wuce, hanya ta buɗe, babu abin da ya tare shi. Ni da ita muka tsaya a ƙofar shagon muna jira mu ga wurin wa zai fara zuwa.